Rumfa Ba Ginshiƙi

Saura mako uku a buɗe gidan zane-zanen, ranar wata Litinin da hantsi, Auta ta ga tsagar.

Tana tsaye ne a ƙarƙashin babbar rumfar da ke gaban ginin, tana jiran motar da za ta kawo fitilu, sai ta ɗaga kai haka kawai. Can sama, inda rumfar ta haɗu da bango, ga wani siririn layi kamar an ɗora silin gashi a kan farin fenti. Ta ƙifta ido ta sake dubawa. Yana nan. Tsawonsa bai wuce taku biyu ba.

Ita ce ta zana ginin tun daga tushe. A gida ake kiranta Auta, don daga kanta Inna ba ta sake haihuwa ba. A wurin aiki kuwa Mai Zane ake ce mata, leburori na tsokanarta wai mai zane ce amma ko turmi ɗaya ba su taɓa ganin ta sayar ba. Shekara huɗu da suka wuce hukumar gari ta nemi a kawo mata tsarin gidan da za a riƙa ajiye zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, jama'a su zo su gani. Kowa ya kawo gini mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da ɗakin mai gadi. Ita ta kawo wanda ba shi da katanga ko ɗaya. Daga bakin titi sai ka shigo inuwar rumfa, ga dogayen bencina na siminti, ga famfon ruwan sha, sannan ƙofofin gilashi guda huɗu.

Shugaban kwamiti, wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci, ya daɗe yana juya takardar.

"Yarinya, wannan gidan zane ne ko tashar mota?"

"Ranka ya daɗe, tashar tana nan kusa. Ina so mai jiran mota ya zauna a inuwa, in ya gaji da zama ya leƙa ciki."

"To shi ke nan. Amma duk ranar da wani abu ya faru, ke za mu nema."

Ba ta faɗa wa kwamiti dalilinta ba. Inna ta yi shekara ashirin da biyu tana shara a wani babban ofis, kuma duk ranar da aka tashi makaranta da wuri, a bakin kwalbatin da ke gaban ofishin Auta take zama tana jiranta, rana na dukanta, mai gadi na harararta ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Abin ya tsaya mata a rai. Shi ya sa ma ta ƙi yarda a yi wa rumfar ginshiƙai a gaba. Ta ce in aka jera su, daga nesa sai su yi kama da masu gadi. Rumfar kankare ce, tsawonta taku sittin, ta miƙo taku goma sha biyu zuwa titi, ba abin da ke riƙe da ita sai rodin da aka dasa a jikin ginin.

Injiniyan aikin, tsoho mai magana kamar ana ƙirga masa kalmomi, sau uku yana maimaita lissafin. Ya ce mata, "Za ta tsaya. Amma abu ɗaya ne ba ta so, ruwa ya kwanta a kanta. Na sa mata bututu biyu, kowane ya kai kaurin cinya. A riƙa duba su."

Wata biyu kafin wannan Litinin ɗin Auta ta sa aka cire shingen kwanon da ya tsare gaban ginin, don ta kasa jure ganin mutane a rana alhali ga inuwa a kulle. Kafin mako ya zagayo rumfar ta yi jama'a. Mai lemo ta kama kusurwa ɗaya, 'yan babur suka kama ɗaya, masu jiran mota suka cika bencina.

Ta kira babban magini, wanda kowa ke ce wa Dogo. Ya kawo tsani ya hau, ya shafa tsagar da babban yatsa, ya sauko.

"Fenti ne ya ja, Mai Zane."

Ya faɗa ne yana kallon takalminsa. Shekara uku suna aiki tare, ba ta taɓa ganin ya yi mata magana ba tare da ya kalle ta ba.

Ta buga wa Injiniya waya. Yana wani gari, an yi wa matarsa aiki a asibiti. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce kankare yakan yi irin wannan, kada ta tayar da hankalinta. Ta samo ɗan siririn gilashi a manna shi da siminti a kan tsagar, gefe da gefe. In tsagar na buɗewa, gilashin zai fashe.

"Zan zo ranar Alhamis. Kafin nan ki ja igiya, ki janye mutane daga ƙarƙashinta."

"To, Baba."

Dogo ya manna gilashin. Ya aika aka sayo igiya, sabuwa, shuɗiya, ya ajiye mata a ofis. Ta ɗauko ta ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa. Wata mata mai goyo tana wanke wa ɗanta fuska a famfo. Motar shugaban kwamiti ta wuce a hankali kamar yadda ta saba kowace safiya, tabarau na leƙowa ta taga. Auta ta hango yadda zai ɗaga gira in ya ga igiya, ta ji muryarsa a kunnenta yana cewa ai dama ya faɗa. Ta ce a ranta, gobe. Ta mayar da igiyar ƙarƙashin tebur.

Ranar Talata sau tara tana fita duba gilashin. Lafiyarsa lau. Da yamma a gida ta tasa abinci a gaba tana juya cokali, har mijinta ya tambaye ta ko shi ma abincin sai ta zana shi tukuna. Ta yi murmushin yaƙe. Ta so ta faɗa masa, ta fasa.

Ranar Laraba bayan azahar sai ga Inna, ba sanarwa, da sandarta da jakarta. Ta ce ta gaji da jin labari a bakin maƙwabta, ta zo ta gani da idonta.

"Wannan ce rumfar da ta mayar min da ke kamar tsinke?" Ta ɗaga kai ta bi ta da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Ikon Allah. Me ke riƙe da ita?"

"Ƙarfe ne a ciki, Inna."

"To Allah ya riƙe ƙarfen."

Auta ta so ta shigar da ita ofis, Inna ta ce ita a nan za ta zauna ta sha iska, ai don zama aka yi wurin. Ta zauna a benci kusa da mai lemo, kafin minti biyar sun san sunayen jikokin juna. Auta ta saci kallon gilashin. Yana nan. Ta koma ciki wajen masu haɗa fitilu.

Wajen la'asar gari ya yi duhu farat ɗaya. Iska ta taso tana kwasar ledoji, sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Auta ta fito ta ƙaramar ƙofar ma'aikata da ke gefe, ta tarar rumfar ta cika maƙil. Duk wanda ruwa ya kama a titin nan ya rugo: 'yan babur da baburansu, masu talla da farantansu, ma'aikatan da suka taso daga ofis da jakunkuna a ka, wata malama da 'yan mata 'yan makaranta sun fi talatin. Mutum ya haura ɗari uku. Ana ta dariya, ana matse riguna, wani na cewa Allah ya yi wa wanda ya gina wurin nan albarka.

Ta kutsa tana neman Inna. Tana cikin tafiya sai ta lura da wani abu da ya sa ta tsaya cak. Bututun da ke gefen ginin, wanda ko yayyafi aka yi sai ka ji yana kwarara, shiru yake. Ta matsa ta duba bakinsa. Ɗigo yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ture mutane ta nufi ɗaya ƙarshen. Shi ma haka.

A hanyar dawowa ta ji wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ta ɗaga ƙafa. Gutsuren gilashi ne, da ɗan siminti a jikinsa. Ta tsince shi.

Ba ta so ta ɗaga kai, amma ta ɗaga. Tsagar da ta bari taku biyu ta miƙe har ta ɓace mata a cikin duhu, kuma jikinta ya yi baƙi da danshi.

Ta tarar da Dogo a matakala yana saukowa, ita tana hawa. Ta buɗe masa tafin hannunta ya ga gilashin. Suka hau tare da gudu zuwa bene na biyu, inda taga ke kallon saman rumfar. Abin da suka gani tafki ne. Ruwa ya cika daga bango har ɗan bangon da ya kewaye bakin rumfar, iska na kaɗa shi. A kan bakin bututu ɗaya ga tamfol ɗin masu fenti ya lafe, ruwa ya tsotse shi ciki. A ɗayan kuwa buhunan siminti ne da ledoji suka dunƙule.

Kanta ya yi lissafin ba tare da ta sa shi ba. Tsawo, faɗi, zurfin da ya kusa gwiwa. Nauyin tirela uku maƙare da kaya, a kan rumfar da ba ta da ginshiƙi, kuma kowane minti ƙaruwa yake.

"Na ce wa masu fentin nan su kwashe kayansu," in ji Dogo. "Ban hau na duba ba."

"Ni ma ban hau ba."

"Ina igiyar nan?"

Ta ruga ofis ta ɗauko. Ya ɗaura gefe ɗaya a ƙugunsa, ɗayan a ƙarfen matakala, ya ɗauki guntun rodi.

"Dogo, in ta tafi da kai fa?"

"Shi ya sa na ɗaura igiya. Ke je ki kwashe mutane."

Ya ɗaga ƙafa ya fita ta taga. Ta ga ruwan ya haɗiye ƙafarsa har ƙwauri, ta juya ta sauka, tana tsallake matakala bibbiyu.

Ta fito cikin jama'a ta cika ƙirjinta da iska za ta ƙwala ihu, sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Inna ce.

"Me ya faru? Fuskarki ta yi fari."

Auta ta sunkuya ta raɗa mata a kunne. Inna ba ta ɗaga kai ta kalli sama ba. Riƙon da ta yi mata ne ya ƙara ƙarfi har ya yi zafi.

"Kada ki kuskura ki yi ihu. In kika ce faɗuwa za ta yi, kafin ta faɗo sun tattake yaran can. Cikin ginin lafiya yake?"

"Lafiya yake."

"To a buɗe ƙofa."

Ƙofofin gilashin a kulle suke. Makon da ya wuce aka kawo zane-zanen, ba a riga an rataye su ba, suna jingine a jikin bango, wasu a ƙasa a kan katifun soso. Makullan suna hannun mai kula da su, wani siririn mutum da ba ya taɓa komai sai da farar safar hannu, har ma'aikata suka sa masa Mai Safa. Yana tsaye a ciki yana kallon cincirindon ta gilashi. Auta ta bubbuga, ya matso, ya buɗe ɗan kaɗan iya faɗin fuskarsa.

"Buɗe duka huɗun."

"Duka me? Mai Zane, kin ga ƙafafunsu kuwa? Taɓo ne fa. Akwai zanen da ya girmi kakana a ƙasa a nan."

"Ka buɗe, don Allah."

"Sai da takardar shugaba. Ni ba zan ɗauki wannan a kaina ba."

Ta cusa kafaɗarta a tsakanin ƙofar, ta kawo bakinta dab da kunnensa. "Ruwa ya taru a sama. Rumfar na tsagewa. In ba ka buɗe ba, a gabanka za su mutu, kana kallo ta gilashi."

Ya ɗaga ido sama, ya sauke. Makullan suka suɓuce daga hannunsa. Ita ta tsince su. Sau uku tana kuskure ramin makulli kafin ƙofa ta biyu ta buɗe.

Sai ta ji muryar Inna ta tashi, irin muryar da take kiran jikoki cin abinci.

"Jama'a, masu gida sun ce a shigo ciki! Iska na kawo feshi, ku shigo ku ga abin da aka ajiye muku. Ba ko kwabo! Malama, fara shigar da 'yan matan nan."

Mai lemo, wadda ba ta san komai ba, ta karɓe da nata ƙaƙƙarfan maƙogwaron. "Ku shiga, kyauta ne! Ni ma yau sai na ga abin da suke ɓoyewa."

Aka yi dariya, aka fara shiga. Amma a hankali, a hankali ƙwarai. Kowa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya karkaɗe riga, ya goge ƙafa. Wasu har suna tuɓe takalma don ganin ƙyallin daɓen. Auta na riƙe da ƙofa tana cewa, "Sannunku, ku shiga da takalmanku, ba komai, ku matsa ciki," tana murmushi, zufa na bin bayanta duk da sanyin. Wani mutum ya tsaya yana tambayarta ko ita ce ta yi ginin, yana so ya yi mata godiya. Ta ce ita ce, ta tura shi ciki da hannu biyu.

Daga sama aka ji ƙas, kamar an karya busasshen reshe. Mutum biyu-uku suka waiga.

"Tsawa ce," in ji Inna. "Ku wuce."

'Yan babur suka ce su ba za su bar baburansu ba. Auta ta ce ta ɗauki alhakin kowane ɗaya. Babbansu ya kalle ta, ya bi inda idonta ke zuwa ba da sonta ba, ya ga ruwan da ya fara ɗiga a jere daga tsagar. Ya juya ya ce wa 'yan uwansa, "Ku taho mu ga hoto," ya tasa su gaba.

Ta shigar da Inna kusan a ƙarshe. Ta juya za ta ja ƙofa, sai ta hango mutum ɗaya. Can a ƙarshen rumfar, a bencin da ya fi kusa da titi, wani tsoho na zaune ya ba su baya, kansa a sunkuye.

"Baba!" ta kira. "Baba, taso!"

"Mai gyaran takalmi ne," in ji mai lemo daga bayanta. "Kurma ne, sai an taɓa shi."

Auta ta dubi tazarar. Taku arba'in, duka a ƙarƙashin rumfar. Ta san inda kowane rodi yake a cikin kankaren nan, ta san wanda zai fara tsinkewa, ta san cewa in ta tashi tafiya ba za ta yi gargaɗi ba. Ta ji Inna ta ce, "Auta," a hankali, ba ta san ko hana ta take ko tura ta ba.

Ta saki ƙofar ta fita.

Ta so ta yi gudu, ƙafafun suka ƙi. Tafiya take kamar mai taka ƙwai, kamar nauyin takunta zai iya kaiwa sama. Ta wuce baburan da aka bari, ta wuce tiren lemo, ta wuce takalmin wata yarinya guda ɗaya. Ruwa mai sanyi ya ɗigo mata a wuya ta zabura. Wani ɓaren filasta kamar faifai ya faɗo gabanta ya tarwatse. Ta tsallake shi tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wata da ƙarshen wata. A sama tana jin ƙarar rodin Dogo, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai kuma ta daina ji.

Ta dafa kafaɗar tsohon. Ya ɗago, da allura a baki da takalmi a cinya. Ta nuna masa sama, ta nuna masa waje, ta ja hannunsa. Ya gyaɗa kai, ya fahimta cewa tashi ake so ya yi. Sai ya fara tattara kayansa, ɗaya bayan ɗaya: guduma, gwangwanin ƙusa, zare, ƙyallayen fata. Ta durƙusa tana kwasa tana watsawa cikin akwatinsa, ya riƙe hannunta ya girgiza kai, ya ciro gudumar ya mayar da ita inda ta saba zama.

Sai wata irin ƙara ta tashi, rugugi mai girgiza ƙasa, dab da su. Auta ta saki komai ta dunƙule, ta rufe kanta da hannuwa, ta runtse ido tana jira.

Ba abin da ya faɗo. Ta ji ana taɓa ta. Tsohon ne, yana kallonta da mamaki, yana nuna mata gefe. Bututun ne ya buɗe. Ruwa na fita daga bakinsa da ƙarfin da ya kai tsakiyar titi, baƙi ƙirin, da ledoji da tsummoki. Jim kaɗan na ɗaya ƙarshen ma ya amsa.

Tsohon ya rataya akwatinsa, ya kama hannunta ya ɗaga ta. Ba ta yarda sun koma ta ƙarƙashin rumfar ba. Ta ja shi suka fita cikin ruwan, suka zagaya ta gefen ginin, suka shiga ta ƙofar ma'aikata sharkaf.

A ciki mutane sun bazu cikin manyan ɗakunan suna kallo. 'Yan matan sun kewaye wani sassaƙen mace mai tulu suna gardama a kan ko dariya take ko kuka. Mai lemo na tsaye gaban wani zane mai ja da baƙi tana tambaya ko a kife aka jingine shi. Mai Safa na zagayawa yana roƙo a ja baya kaɗan, ba wanda ya kula da shi. Dogo ya sauko yana ɗigar ruwa, ya naɗe hannunsa da riga, jini ya rine ta. Ƙarfen bakin bututun ne ya yanke shi har ƙashi.

Inna na zaune a kan wani akwatin katako. Auta ta je ta durƙusa gabanta. Inna ta cire mayafinta ta goge mata fuska, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta tambaya, ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe kika sani?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Tun Litinin."

Hannun Inna ya tsaya. Ta dubi 'yan matan makarantar, ta dawo da idonta.

"Ni na tsufa, ba ta kaina nake ba. 'Ya'yan mutane, Auta."

Da ruwa ya tsagaita aka fitar da kowa ta ƙofar gefe, 'yan babur suka janye baburansu ɗaya-ɗaya da sauri, Auta da kanta ta kewaye gaban ginin da ganguna da katakai. Inna ta ƙi yarda Auta ta kai ta gida, ta hau motar haya.

Washegari Injiniya ya iso tun da safe. Ya yi awo, ya sake yi. Bakin rumfar ya sunkuya da faɗin yatsa uku. Ya sa aka tokare ta da ƙarafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da ta tambaye shi saura minti nawa ya rage jiya, ya ce shi ba ya lissafin abin da Allah ya riga ya kare. Ya tambaye ta igiyar, ta faɗa masa gaskiya. Ya cire hularsa ya mayar, bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ya fi mata sauƙi.

Kwana huɗu ba ta da sukuni. Ko ƙofa aka buga sai ta zabura. A banki, a kanti, a falonta ma, idonta na sama yana bin layin fenti. Inna ba ta kira ba, ita ma ta kasa kira.

Ranar Litinin kwamiti ya zauna. Rahoton da ke gabansu ya ce masu fenti sun bar tamfol, ruwa ya taru, Mai Zane ta yi ta maza ta ceci jama'a. Shugaba ya karanta, ya ce sai a gode mata. Da ta yi shiru, da a nan maganar ta tsaya. Ta miƙe ta ce akwai abin da ba a rubuta ba. Ta faɗi ranar da ta ga tsagar, da abin da Injiniya ya ce ta yi, da inda ta ajiye igiyar, da dalilin da ya sa.

Shugaba ya cire tabaransa ya ajiye.

"Wato tsoron bakina ya fi miki tsoron rumfar."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Suka fitar da ita suka yi shawara ta fi awa. Aka karɓe kula da aikin daga hannunta aka ba Injiniya. Aka ɗaga buɗe gidan da wata biyar, za a yi wa rumfar ginshiƙai shida da ƙarin bututu. Mutum uku suka ce a yi katanga a huta. Mai Safa ne, wanda aka kira ya ba da shaida, ya ce mutum ɗari uku sun shiga da taɓo da komai, ko ƙusa ba ta ɓata ba, zane ɗaya ne kawai aka taka masa gefe, shi ma ya gyaru. Aka bar maganar katanga.

Ta fito ta zauna a mota, ta kasa tayarwa. Ta ɗauko waya ta kira Inna. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Na fito daga wajensu, Inna."

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Duka?"

"Duka. Sun karɓe aikin."

Auta na jin ƙarar rediyon Inna daga nesa.

"Mutumin nan da ya yanke hannu, kin je kin duba shi?"

"Ban je ba tukuna."

"To biyo ki ɗauke ni mu je tare. Ki tsaya a hanya ki sayi abin da za mu riƙe masa, kada mu shiga gidan mutane hannu biyu."